Kan Burtu da Na'urar Hoto: Nazari a Kan Kallon Namun Dawa a Falgore da Tiga

Matafiyin da ya rabu da hanyar Zariya a Kwanar Dangora, cikin ƙasar Kiru, ya nufi Tudun Wada da Doguwa, in dai mai lura ne, zai ga gonaki suna ja da baya, itatuwa suna ƙara kauri, duwatsu suna ɗagowa ta wajen Riruwai, har ya kutsa dajin Falgore, wanda aka keɓe a 1949 da sunan Kogin Kano, aka kuma mai da shi gandun namun dawa a 1969. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, kuma a arewa da shi tafkin Tiga yake kwance, wanda aka kammala madatsarsa a ƙasar Bebeji a 1974, zamanin mulkin Audu Baƙo. Tsakanin dajin nan da ruwan nan ne wata sabuwar al'ada take neman gindin zama, wato mutum ya fita dawa ba baka ba bindiga, ya zauna ya kalli gada ko mazo ko zalɓe, ya ɗauki hotonsu, ya bar su da ransu.

Da yawa suna ɗaukar wannan abu sha'awar Turawa ce kawai. Ni kuwa a ganina, rabin iliminsa yana hannun maharban ƙasarmu tun kaka da kakanni, domin babu abin da mai hoto yake bukata wanda maharbi bai riga shi ƙwarewa a kai ba: karanta sawu a laka, bambance kashin gwanki da na kanki, sanin mashayar da dabba take zuwa da asuba ko bayan la'asar, da zagayawa ta yadda iska ba za ta kai mata warinsa ba. A dubi hikimar kan burtu. Da maharbi ya lura namun dawa ba sa gudun wannan baƙin tsuntsu mai kiwo a ƙasa, sai ya sassaƙa siffar kan tsuntsun, ko ya gyara na ainihi, ya ɗaura a goshi, ya lulluɓa da baƙin tufafi, ya duƙa yana tafe yana sunkuyar da kai kamar mai tsintar fara, har ya isa inda kibiyarsa za ta kai. Wanda ya iya wannan, lalle ya nazarci tsuntsu da dabba gaba ɗaya, nazari na shekaru, ko da bai taɓa rubuta harafi ba.

Inda hanyoyin biyu suka rabu shi ne niyya. Maharbi da zarar ya saki kibiya bukatarsa ta biya, amma mai kallo a lokacin da ya matso kusa aikinsa yake farawa, kuma gwargwadon haƙurinsa gwargwadon abin da za a buɗe masa. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga ma'abota ilimi, tun da malamai sun ƙidaya tafakkuri cikin halittun Allah a ayyukan lada, har Al-Jahiz ya wallafa Kitabul Hayawan, Ad-Damiri kuma, wanda ya rasu a 1405, ya bar Hayatul Hayawan.

Sai dai al'adar tana da illolinta, kuma wajibi ne a faɗe su. Akwai mai hoton da kwaɗayin kyakkyawan hoto yake sa shi ya matsa wa tsuntsuwa a kan ƙwanta har ta watsar da sheƙa, ko ya sa yara su tayar da garken kirinjijiya don ya same su a sama. Irin wannan ya cutar ba tare da ko uzurin yunwa ba. Babbar illa kuma, wadda ta fi damuna, ita ce hoto marar isnadi, wanda ba a rubuta ranarsa ba, ba wurinsa, ba sunan abin da ke cikinsa. Shamuwa tana zuwa da gabatowar damina, tsuntsayen Turai suna sauka da hunturu, dinya da balbela suna nan tare da mu. In an kiyaye kwanan wata shekara bayan shekara, hotuna za su zama hujja a kan abin da ya ƙaru da abin da ya ɓace.

Bukatar wannan hujja ta gaggawa ce, domin farauta ba ƙa'ida, da gobarar daji, da saran itace, da ɓarayin shanun da suka maƙale a Falgore a shekarun baya, sun sa manyan namun sun yi ƙaranci ƙwarai, ita kanta Tiga kuma, da ta tara ruwa a nan, ta rage ambaliyar da ke raya fadamun Haɗejiya da Nguru. Tsofaffin maharban Doguwa da Tudun Wada ne suka san inda gwanki yake sha a dā da inda ya daina, kuma ya kamata duk mai shiga dajin da na'ura ya ɗauki ɗayansu jagora, ya biya shi ladansa, ya rubuta abin da ya ji daga bakinsa tare da ranar da ya ji shi.