Faifan Garmaho Da Kiɗan Hebi Metal: Me Masu Tarawa Ke Tarawa?

A shekarar 2022 an sayar da faifan garmaho kimanin miliyan 41 a Amurka, alhali faifan CD bai wuce miliyan 33 ba. Rabon garmaho da shiga gaba a wannan kasuwa tun 1987. Daga cikin masu ɗawainiya da wannan tsohon faifai akwai masoya kiɗan nan na Turawa da ake kira hebi metal, wato kiɗan jita mai rugugi da ganguna masu nauyi, wanda ya yi tsiro a birnin Birmingham na Ingila wajen 1970. Abin har ya kai ƙungiyar mawaƙa ta Metallica ta sayi kaso mafi tsoka na wata masana'antar buga faifai a jihar Virginia a 2023, don kada kayanta su yanke a kasuwa.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan mujallar marubuta da hayaniyar Turawa? Amsarmu ita ce, kundin waƙoƙi irin na wancan zamani ɗan'uwan littafi ne, yana da farko da tsakiya da ƙarshe. A ganinmu abin da ya cancanci a tara faifan dominsa shi ne wannan zubi da tsari, kuma shi ne abin da yawancin masu tarawa suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Bari mu fara da shi kansa faifan. Kamfanin Columbia ne ya fito da dogon faifai a 1948, mai faɗin inci 12, mai juyawa sau 33 da sulusi a minti guda. Kowace fuska tana ɗaukar kimanin minti 22 cikin walwala. Amon yana kwance ne cikin wani siririn kwarmi da allura ke bi daga baki zuwa cibiya. Sauti mai kauri yana cin fili, saboda haka in aka cusa waƙoƙi da yawa dole a matse kwarmin, ƙarar ta ragu. Bugu da ƙari, duk sa'ad da allura ta kusanci cibiya, amon yakan ɗan dushe. Ke nan kiɗan da ya fi kowane son ƙara da kauri shi ne faifan ya fi takura wa. Dole mawaƙa su zauna su yanke shawara: wace waƙa za ta buɗe, wacce za ta rufe kafin mai sauraro ya tashi ya juya faifan, wacce kuma za a bari a waje.

Alal misali, mu ɗauki kundin Paranoid na ƙungiyar Black Sabbath, wanda ya fito a watan Satumba na 1970. 'Yan ƙungiyar huɗu ne, 'ya'yan talakawan unguwar Aston, kuma makaɗin jitarsu Tony Iommi ya rasa kan yatsunsa biyu a wata masana'antar ƙarfe tun yana ɗan shekara 17. Fuskar farko waƙoƙi huɗu ne kacal. Ta buɗe da War Pigs, mai kusan minti takwas, wadda jigonta shi ne tsine wa manyan da ke hura wutar yaƙi su tura 'ya'yan wasu. Daga nan sai Paranoid, gajeruwa mai sauri da ba ta cika minti uku ba, wadda su da kansu suka ce sun ƙirƙire ta ne cikin gaggawa don cike gurbin da ya rage a faifan. Sai kuma abin mamaki, Planet Caravan, waƙa mai sanyi da taushin murya, kamar an yayyafa ruwa a tsakar gida bayan ƙura. Ba don wannan sassauci ba, da Iron Man da ke biye ba ta faɗo wa kunne da irin nauyin da take faɗowa ba. Wanda ya tsinci Iron Man ita kaɗai a waya ya ji waƙa, amma bai ji abin da aka shirya masa ba, tamkar wanda aka yago wa babi na huɗu daga littafi ne.

Ba mu ce kundin ba shi da naƙasu ba. Fuska ta biyu ba ta kai ta farko ba. Hand of Doom, wadda ta taɓo sojojin da suka dawo daga Biyetnam da jarabar ƙwaya, tana da ƙarfi ƙwarai, amma Rat Salad cikon benci ce kawai, an ba mai ganga fili ya nuna bajinta. Hoton bangon ma bai dace da sunan ba: wani mutum ne riƙe da takobi da garkuwa, domin an tsara shi ne lokacin da ake nufin kiran kundin War Pigs, daga baya aka sauya suna aka bar hoto.

Ƙungiyar Iron Maiden kuwa, a kundinta Powerslave na 1984, ta yi abin da ya kamata manazarta adabi su lura da shi. Ta ɗauki doguwar waƙar nan ta Samuel Taylor Coleridge ta 1798 a kan tsohon matuƙin jirgin ruwa da ya kashe tsuntsu ya jawo wa abokan tafiyarsa bala'i, ta mayar da ita waƙar fiye da minti 13, ta rufe kundin da ita. Ta fuskar tsari nan ne muhallinta, don babu abin da zai iya biyo bayanta. Ta fuskar sana'ar faifai kuwa an yi kasada, domin fuskar ta kai kusan minti 26, kuma ƙarshen waƙar ya faɗa daidai inda allura ke gajiyawa.

Da faifan CD ya zo a 1982 da filin minti 74, sai linzamin ya tsinke. Slayer ta gama faɗin abin da ke bakinta cikin minti 29 a kundin Reign in Blood na 1986. Shekara goma bayan haka Metallica ta fito da Load, waƙoƙi 14 cikin kusan minti 79, kuma da wuya a sami mai sauraron da ba zai iya zubar da huɗu ko biyar daga ciki ba. (Marubutanmu masu jan labarin littafi ɗaya har zuwa na huɗu sun san wannan ciwo.)

To, ina masu tarawa suka dosa? Mafi yawan hirarsu a kan tambari take. Bugun farko na Black Sabbath a Ingila yana ɗauke da tambarin kamfanin Vertigo, wani zane baƙi da fari mai sa jiri in faifan na juyawa, kuma shi ake farauta. Ana duba lambobin da aka karce kusa da cibiya don gane bugu na nawa ne. Ana tambaya ko babban hoton da aka saka cikin kwalin Master of Reality na 1971 yana nan. The Soundhouse Tapes, ƙaramin faifan da Iron Maiden ta buga kwafi 5,000 a 1979, ya yi tsadar da 'yan jabu suka cika kasuwa da irinsa. Wani binciken kamfanin Luminate da aka fitar a 2023 ya nuna rabin masu sayen faifai a Amurka ba su ma da na'urar da za su saurare shi. Wanda ya rufe faifai a leda yana jiran farashi ya hau, ɗan kasuwa ne, kuma ba laifi ba ne, sai dai kada ya kira kansa mai kishin fasaha.

Duk da haka ba za mu yi musu kuɗin goro ba, domin neman bugun farko yana da hujja a wasu wurare. Kundin farko na Black Sabbath, wanda ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1970, ya bambanta tsakanin ƙasashe biyu: bugun Ingila yana da waƙar Evil Woman, na Amurka kuwa an cire ta an sa Wicked World. Gicciyen nan da aka kifar a cikin bangon bugun Ingila, wanda ya taimaka wajen liƙa musu sunan masu bautar shaiɗan, 'yan ƙungiyar sun ce kamfani ne ya sa ba da saninsu ba. Mai tarawar da ke bin diddigin irin wannan, aikin mai nazarin matani yake yi, yana rarrabe abin da mai fasaha ya yi da abin da ɗan kasuwa ya ɗora masa.

Inda muka fi jin takaici shi ne sababbin bugu na alfarma, masu launi-launi da nauyi a hannu. Don a ƙara kyan amo, akan raba kundin da aka tsara wa fuska biyu zuwa faifai biyu masu gudun 45. Haka aka yi wa Master of Puppets na Metallica, wanda asalinsa a 1986 waƙoƙi huɗu ne a kowace fuska, kowace kuma da hawanta da saukarta. A irin wannan bugu waƙa biyu-biyu ne, mai sauraro zai tashi sau uku kafin a gama, biyu daga ciki a wuraren da mawaƙan ba su taɓa nufin a tsaya ba.