Ɗafa-goshin *quasi-* da Matsalar Fassararsa Zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ɗafe-ɗafen da Ingilishi ya aro daga Latin, kaɗan ne suke wahalar da mai fassara kamar *quasi-*. Wannan maƙala za ta dubi ma'anarsa, sannan ta auna hanyoyin da Hausa take da su na bayyana shi. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, neman kalma guda ta maye gurbinsa a kowane muhalli kuskure ne.

2.0 Asali da Ma'ana

A Latin, *quasi* kalma ce mai zaman kanta, wadda aka haɗa daga *quam* da *si*, wato "kamar" da "idan". Mafi kusa da ita a Hausa shi ne "kamar a ce" ko "sai ka ce". Masana shari'ar Rumawa ne suka ba ta nauyi. A littafin koyar da shari'a da aka fitar da umarnin Sarki Jastiniyan a shekarar 533, an ware wasu haƙƙoƙi da suke hawa kan mutum "kamar daga yarjejeniya", alhali ba a ƙulla wata yarjejeniya ba. Misali, wanda aka biya kuɗi bisa kuskure, wajibi ne ya mayar.

Ke nan ɗafin yana nuna abin da ya ɗauki wasu sifofin wani abu, har da wani ɓangare na hukuncinsa, ba tare da ya zama shi ba. Ya bambanta da *semi-* mai nuna rabi, da kuma *pseudo-* na Girkanci mai nuna ƙarya.

3.0 Muhimmancin Bambancin

A ɗauki misali daga ƙasar Shira, cikin yankin Katagum na Jihar Bauchi. Tun daga gyaran kotuna na shekarun 1967 da 1968, da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sarakuna a Arewa suka rasa ikon shari'a. Duk da haka manomi a Yana ko Disina, idan rikicin iyakar gona ya taso, sau da yawa gaban dagaci ko hakimi yake fara zuwa. A can ana sauraron ɓangarori biyu, a kira shaidu, a yanke magana. Zaman ya yi kama da shari'a, amma ba kotu ba ne.

Da wane suna za a kira shi? Idan mai fassara ya ce "kotu", manomi zai ɗauka an rufe magana, ya bar haƙƙinsa na kai ƙara gaban alƙali. Idan ya ce "kotun bogi", ya yi wa masarauta ƙazafi. "Rabin kotu" kuwa ba Hausa ba ce. A nan kuskuren kalma guda yana iya jawo asarar gona.

4.0 Hanyoyin da Hausa Take da Su

4.1 Cikakken ninki. Kamar yadda Newman (2000) ya bayyana, ninka sifa ko suna yana rage ƙarfin ma'ana:

(1) fari-fari, baƙi-baƙi, tsami-tsami
(2) ruwa-ruwa, gishiri-gishiri, gari-gari

Wannan hanya ta dace da launi da ɗanɗano da yanayin abu. Sai dai ninki yana da wani aiki, wato nuna rarrabuwa, kamar a "gida-gida" da "ƙauye-ƙauye". Saboda haka Bahaushen da ya ji "kotu-kotu" zai fahimci yawo daga wannan kotu zuwa waccan.

4.2 "Kamar" da "tamkar". Su ne aka fi gudu zuwa gare su, amma kalmomin kamance ne, ba sa gina suna. "Kamar kotu" ba ya zama sunan hukuma. "Tamkar" kuma ta yi ƙarfi, domin tana nuna daidaito kusan cikakke.

4.3 "Kini". Masana tsarin sautin Hausa sun kira /w/ da /y/ "kinin wasali". Abin lura a nan, Ingilishi *semi-* ya yi amfani da shi, amma ba su ce "rabin wasali" ba, domin sun gane kama ake nufi. Wannan zaɓi abin koyi ne a fagen kimiyya da nahawu.

4.4 "Shige". Ana cewa abu kaza "shigen" kaza ne idan ya ɗauko fasalinsa. Wannan ce ta fi dacewa da misalin Shira: "zaman shigen shari'a" ya nuna kama, bai yi da'awar iko ba, bai kuma zargi kowa da ƙarya ba.

4.5 Larabci. Almajiran ilimi a zaurukan Azare da Shira sun san *shibhu*, wadda ta fito daga tushe ɗaya da "shubuha". A nahawu akwai *shibhul jumla*. A fiƙihu akwai *shibhul amdi*, kisan da ya yi kama da ganganci, wanda mashahurin zancen Malikiyya bai ɗauke shi kashi na uku ba. Wannan saɓani kansa shaida ne cewa tsayar da matsayi tsakanin abu da kamarsa yana sauya hukunci. Matsalar "shibhu" ita ce ba ta fita daga bakin malamai zuwa ga sauran jama'a ba.

5.0 Kammalawa

Littafin *Hausa Metalanguage* (1990), wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, ya aza harsashin keɓaɓɓun kalmomi na harshe da adabi. Shari'a da mulki suna buƙatar irin wannan kulawa. Shawarar wannan maƙala ita ce a bar wa ninki launi da ɗanɗano, a ba "kini" fagen kimiyya, a ba "shige" fagen shari'a da mulki. "Bogi" da "jabu" kuwa a keɓe su ga *pseudo-* kaɗai, domin kama da wani abu daban, yaudara da shi daban.