Iskoki Masu Rawani: Sharhi a kan Littafin Greenberg game da Addinin Maguzawa

Gabatarwa

Ɗaliban wannan sashe sun san Joseph Greenberg (1915–2001) ta fuskar ilimin harshe, domin rabe-raben harsunan Afirka da ya kammala a 1963 ne ya zaunar da Hausa cikin reshen Cadi na dangin Afro-Asiya. Kaɗan ne suka san cewa da nazarin al'ada ya fara. Tsakanin 1938 da 1939 ya zauna a ƙasar Kano, a birni da kuma ƙauyukan Maguzawa, yana tattara bayanan digirinsa na uku a ƙarƙashin Melville Herskovits na Jami'ar Northwestern da ke Amurka. Sakamakon aikin ya fito a 1946 cikin wani ɗan littafi da bai kai shafi ɗari ba, mai suna The Influence of Islam on a Sudanese Religion, wato tasirin Musulunci a kan wani addini na ƙasar Sudan. Sudan a nan tana nufin Biladus Sudan ta marubutan Larabawa, wato ƙasashen da ke kudu da Sahara baki ɗaya.

Wannan maƙala za ta auna littafin da tambaya guda: idan addini ya sauka a cikin al'umma, wane aiki al'adarta take yi a kan yadda mutane suke fahimtarsa? Ra'ayina shi ne, bayanan da Greenberg ya tattara sun fi taken littafinsa gaskiya. Taken yana nuna tasiri mai fuska ɗaya, daga Musulunci zuwa Maguzanci. Abin da ke cikin shafukan kuwa kai da komowa ne.

Abin da ya gano

Maguzawan da Greenberg ya zauna da su sun yarda da Allah a matsayin Mahalicci, kuma da wannan suna na Larabci suke kiran Sa. Sai dai ba su da wata ibada da suke fuskantar Sa da ita kai tsaye. Hulɗarsu ta yau da kullum da iskoki take: mai gida yana yi musu yanka a madadin iyalinsa, kowane iska da irin dabbar da yake so da launinta, don neman damina mai albarka da lafiya da haihuwa. Ya kuma lura cewa an raba iskokin gida biyu, farare da baƙaƙe. Farare Musulmi ne, mazauna gari, baƙaƙe kuwa arna ne, mazauna daji.

Babbar gudummawar littafin tana wajen bayanin hanyar da tasirin ya biyo. Herskovits da almajiransa sun saba nazarin sauyin al'ada a inda al'ummu biyu suka haɗu gaba da gaba. Greenberg ya nuna cewa a ƙasar Hausa lamarin ya bambanta, domin Larabawan da suka zo ba su da yawan da za su sauya tunanin ƙauye. Littattafai ne suka yi aikin, ta hannun malamai ƴan ƙasa. Malamin da ya karanta labarin aljanu a littafin Larabci shi ne ya dubi iskokin maƙwabtansa ya ce ai su ne aljanun da ake faɗa. Da wannan fassara ta kalma ɗaya, iska ya zama aljani, sai tsohon imani ya sami wurin zama a cikin sabon. Wannan bayani ne mai ƙarfi, kuma har yanzu yana tsaye da ƙafafunsa. Ɗalibin fassara ma yana da darasi a ciki, domin zaɓen kalma a nan ya yi abin da wa'azin shekaru bai yi ba.

Birnin Jangare

Matsalar tana farawa ne idan muka tambayi siffar da waɗannan aljanu suka ɗauka. Alƙur'ani ya tabbatar da samuwar aljanu, akwai sura sukutum da sunansu, kuma ya faɗi cewa a cikinsu akwai masu imani da waɗanda ba su da shi. Ke nan rabon farare da baƙaƙe yana da madogara a littafi, kamar yadda Greenberg ya ce. Amma littafi bai ce aljanu suna da birni mai suna Jangare ba. Bai ce suna da sarki da fada da masu sarauta ba, balle ya ce a cikinsu akwai Ɗan Galadima, ɗan sarki mai son ado da turare da caca, mai kyauta har ya tsiyata kansa. Bai ambaci Malam Alhaji ba, tsohon malami mai tari da carbi da fararen tufafi, ko Sarkin Rafi mai haukan fushi, ko Inna Bafillatana. Fremont Besmer, wanda ya yi nazarin bori a Kano ya buga a 1983, ya kawo tsarin gidaje goma sha biyu na Jangare a ƙarƙashin Sarkin Aljan Sulaimanu, a ciki har da gidan malamai da na kutare da na Fulani da na arna.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Damagaram ko ta Katsina ranar hawan salla ya san wannan gari. Birnin Hausa ne aka ɗauka da unguwanninsa da sana'o'insa da baƙinsa aka kifa a kan gaibu. Sunan Sulaimanu daga littafi ya zo, domin an san Annabi Sulaimanu da mulkin aljanu, amma rawanin da aka naɗa masa da fadawan da aka jera masa na gida ne. Haka ma rabon gari da daji: Bahaushe ya daɗe yana ganin gari wurin tsari da kunya, daji kuwa wurin da doka ba ta kai ba, sai ya ajiye aljanu Musulmi a cikin ganuwa, ya bar sauran a waje. A nan ne al'ada take aikinta. Nassi ya ba da asali a dunƙule, al'umma ta cike gurbin da abin da ta sani. Greenberg ya ga kayan wannan hujja, ya jera su da kyau, amma hankalinsa ya fi karkata ga tantance abin da ya zo daga Larabci da abin da yake na asali, kamar mai tsince tsakuwa daga shinkafa.

Wane ne Bamaguje?

Wannan tsincewa tana buƙatar a ɗauka cewa akwai wani addini tsantsa da ya rage a ƙauye, wanda za a iya auna tasiri a kansa. To amma sunan Maguzawa kansa, a ra'ayin mafi yawan masana, daga kalmar Larabci majus ya fito, wato Majusawa, waɗanda fiƙihu ya yarda a karɓi jiziya daga gare su a bar su da addininsu. Ashe ke nan sunan matsayi ne na shari'a a cikin daular Musulunci. Murray Last ya faɗaɗa wannan batu daga baya, inda ya nuna cewa Maguzanci abu ne da ya ginu a gefen Musulunci, yana kallonsa, yana bambanta kansa da shi. Mutanen da Greenberg ya tarar a 1938 sun yi shekara fiye da ɗari a ƙarƙashin sarakunan jihadi, kafin nan kuma kakanninsu sun yi ƙarnuka suna kai hatsi kasuwannin Musulmi. Tarihin Kano ya sa zuwan Wangarawa da Musulunci a zamanin Sarki Yaji (1349–1385). Wanda ya zauna da maƙwabci shekara ɗari biyar da ɗoriya ba zai zama madubin abin da ake yi kafin zuwan maƙwabcin ba.

Tarihin Kanon nan ya kawo wani misali da ya juya taken Greenberg a kansa, wato Dirki. Alƙur'ani ne aka naɗe da fatu, sarakunan Kano suna yi masa yankan shanu don neman nasara, har zuwa zamanin Alwali, sarki na ƙarshe kafin jihadi, wanda ya sa aka farke shi. A nan ba za a ce Musulunci ya yi tasiri a kan tsafi kawai ba. Tsarin tsafi ne ya karɓi mafi tsarkin abin da Musulunci ya kawo, ya yi masa irin hidimar da ya saba yi wa abin da yake girmamawa. Irin wannan garwaye ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta suka a rubuce-rubucensa kafin jihadin 1804. Malaman jihadi sun riga masu binciken Turai ganin cewa tasirin yana tafiya ta fuska biyu, sai dai su abin gyarawa suka gani a ciki.

Daga wannan gefen iyaka

Littafin na Kano ne, kuma ba laifi ba ne mai bincike ya tsaya inda ya zauna. Laifin yana kanmu idan muka karanta shi a matsayin bayanin Hausawa duka. Bayan jihadi, gidan sarautar Katsina da aka kora ya kafa Maraɗi a farkon ƙarni na 19, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri. A waɗannan fadoji bori ya ci gaba da zama sashen mulki: Iya a Maraɗi da Inna a Tsibiri mata ne ƴan gidan sarauta, kuma su ne shugabannin ƴan bori, alhali sarkin Musulmi ne yana da limami da alƙali. Guy Nicolas, a babban aikinsa na 1975 kan kwarin Maraɗi, ya nuna yadda Anna masu gadon noma da farauta da ƙira, da gidan sarauta, da malamai, kowa yake da nasa fage a cikin tsari ɗaya. Harshe ɗaya ne da Kano, iskokin ma kusan ɗaya, amma a can bori ya koma hannun waɗanda ke gefen al'umma, a nan kuwa yana zaune a fada. Tarihin siyasa ne ya raba su.

Misalin da ya fi kowane fito da batun fili shi ne na Babule, waɗanda Zabarmawa ke kira Hauka. Wajen 1925, a ƙasar Kurfai ta yankin Filinge, wasu sababbin iskoki suka fara hawan mutane. Suna fareti, suna sara wa juna irin ta soja, suna da Gwamna da likita da kofur. Kumandan Crocicchia na Yamai ya kama mabiyansu ya tsare, ba da jimawa ba sai ga shi shi ma ya bayyana a cikin iskokin da sunan Kumandan Mugu. Ƴan ci-rani suka tafi da abin har Gwalkwas, wato Ghana ta yau, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a Ankara, wanda ya fito a 1955. Babu littafin Larabci ko malami a bayan waɗannan iskoki. Sabon mai iko ne ya shigo ƙasa, sai gaibu ya buɗe masa gida kamar yadda ya buɗe wa Galadima da Malam. Wannan ya faru shekara goma sha uku kafin Greenberg ya sauka Kano, kuma ma'aunin littafinsa ba shi da inda zai ajiye shi. Adeline Masquelier ta ci gaba da bin wannan sawu a Dogon Dutsi, inda littafinta na 2001 ya nuna iskoki irin su Mariya, karuwa mai kwaɗayin kayan zaƙi, waɗanda suka zo tare da kuɗi da kanti da kwalta.

Abin da ya rage a baki da a aiki

Wani zai ce duk wannan labarin ƴan bori ne, bai shafi Musulmin da bai taɓa zuwa wurin girka ba. Harshe bai goyi bayan haka ba. Cutar da ke shanye ƙafar yaro sunanta shan inna, wato Inna ce ta sha ƙafar, kuma da wannan suna ma'aikatan lafiya suka yi ta shela a rediyo a Nijar da Nijeriya har zuwa 2020 da aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka. Liman yana faɗin kalmar, likita yana faɗi, ba tare da ɗayansu ya tuna da Bafillatanar Jangare ba. Amma uwar da ta ɗauki sunan da ma'anarsa ta farko, wurin mai magani za ta fara kai ɗanta kafin asibiti, kuma ba za a ce ta yi rashin hankali ba, domin ta bi bayanin da harshenta ya ba ta. A lura, ƙin allurar da aka yi a Kano daga 2003 zuwa 2004 yana da wasu dalilai dabam, na zargin abin da ke cikin maganin da rashin amincewa da masu kawo shi, kada a haɗa biyun.

Ko gyaran addini na baya-bayan nan bai fita daga wannan tsari ba. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978 ta kuma bazu zuwa Maraɗi da sauran garuruwan Nijar, ta yaƙi bori da tsubbu ba sassauci. Duk da haka, daga shekarun 1990 ruƙiyya ta yaɗu a birane, har da lokutan da aka ce aljanu sun faɗa wa ƴan mata a makarantu. Abin da ya sauya shi ne irin hulɗar. Ɗan bori yana neman sulhu da iska, a girka shi, a san abin da yake so, a zauna tare har mutuwa. Mai ruƙiyya yana karanta ayoyi, ya tuhumi aljanin, ya kira shi zuwa Musulunci, ya umarce shi da fita. Madogarar mai ruƙiyya nassi ne, kuma zai ƙi a kwatanta shi da ɗan bori, yana da hujjarsa. Sai dai wanda ya saurari zaman ruƙiyya a Zinder ko Kano zai ji ana tambayar aljanin sunansa da garinsu da addininsa da dalilin da ya sa ya kama wannan yarinya, shi kuma yana amsawa da Hausa, wani lokaci ya ce a bakin rijiya ya gan ta da almuru ba ta yi bisimilla ba.