NetworkManager, wa ya aike ka?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da sabobin Linux na yanzu shi ne sai ka roƙi manhaja kafin ta ƙyale maka kayanka. Ka haɗa sabar mai katin netwok huɗu, ɗaya na fita intanet, ɗaya na ma'ajiyar iSCSI, biyu ka ajiye su da gangan. Kafin ka juya, NetworkManager ya ga kati babu mai shi, ya raɗa masa suna "Wired connection 1", ya tura shi neman adireshi wurin DHCP. In tsautsayi ya sa wani rauta a wancan layin ya amsa, sai sabar ta wayi gari da hanyar fita ta biyu, /etc/resolv.conf ma ya sauya kama. Wa ya aike shi?

Ba wai ba shi da amfani ba. Red Hat ta fito da shi a 2004 saboda laftof, mai yawo daga Wi-Fi ɗin ofis zuwa na gida, kuma a can gwani ne. To sabar ina take zuwa? Tana nan ɗaure da kusoshi a cikin rak, wayar da aka soka mata bara ita ce a jikinta bana. Halinsa irin na yaron shago ne mai rawar kai, wanda da ka ba da baya zai sake jera maka kaya yadda shi ya ga ya fi kyau.

A da layi ɗaya ne: ka rubuta NM_CONTROLLED=no a fayil ɗin ifcfg, network-scripts ya karɓi katin, shi ke nan. Linux ɗin Red Hat, RHEL 8, ya zo a 2019 ya ce network-scripts ya tsufa, RHEL 9 ya zo a 2022 ba tare da shi ba. Ke nan mai shisshigin shi ne maigida yanzu.

Sai a ce maka ai da sauƙi, buga nmcli device set eth1 managed no. Ka buga, ya nuna maka unmanaged, hankalinka ya kwanta. Ranar da aka sake kunna sabar ya manta an yi maganar. Mu kuwa da wuta ke ɗaukewa, batirin inbata ya ƙare kafin a tayar da janareta, ba mu ke zaɓar ranar sake kunnawa ba. Umarnin da ba ya ƙetare ɗaukewar wuta ɗaya, a wurinmu ba umarni ba ne.

In kana so ya ji da gaske, sai ka buɗe fayil a /etc/NetworkManager/conf.d/, ka rubuta unmanaged-devices ƙarƙashin sashen keyfile, ka lissafa katunan da sunansu ko da lambarsu ta MAC. MAC ɗin ya fi, don suna kan canza in an matsar da kati zuwa wani rami. Masu Calico ma, a takardunsu na kafa Kubernetes, haka suke cewa: ka gaya wa NetworkManager ya cire hannunsa daga duk abin da ya fara da cali ko tunl. Manhaja guda tana ba ka laƙanin tsare kanka daga wata manhajar!

Kuma fa masu NetworkManager sun sani. Akwai ƙunshin NetworkManager-config-server, aikinsa ya sa no-auto-default=* don a daina ƙirƙiro "Wired connection" ɗin nan. Wato an yarda ɗabi'ar ba ta dace da sabar ba, amma sai da wani ƙunshi daban ake gyara ta. 'Yan Ubuntu kada ku yi mana dariya, ku da netplan tun 2017 da cloud-init mai rubuta muku 50-cloud-init.yaml, sai kun kawo naku fayil mai farawa da 99 kun ce masa ya bari.

Na yarda da abu ɗaya, ba da son raina ba: in ka sa kati a unmanaged-devices, ko kai ka dawo da nmcli ka ce managed yes ba zai taɓa shi ba, sai ka goge layin.