Hannu Uku da Ƙugiya Ɗaya: Koyon Zanen Harafi a Minna

Wanda ya taso daga shataletalen Mobil ya nufi Bosso a ƙafa, in ya riƙa ɗaga kai, zai karanta rubutun da ya fi shafi goma kafin ya isa: allon tela, na kemis, na mai gyaran waya, katangar Islamiyya, bayan Keke Napep. Yawanci yanzu bana ce ta leda da inji ya buga, wadda ranar Minna ke koɗar da ita kafin a je ko'ina. Jefi-jefi kuma sai ka ci karo da tsohon allon kwano da aka rubuta da burushi da fentin mai, ya yi tsatsa a gefe amma harafinsa na tsaye daram. Irin wannan allo ne ya sa na fara tambayar kaina: yaron da ke koyon zane a garin nan, hannun wa yake gada?

Malamai uku ne a gabansa, kodayake ɗaya kawai ake ƙirgawa.

Na farko yana cikin aji. A can ake ba ɗalibi fensir da rula da kwali, a ce ya ja layukan jagora ya gina manyan baƙaƙen boko ɗaya bayan ɗaya. Wannan darasi yana da dogon asali. Ma'auninsa ya samo tushe daga rubutun da aka sassaƙa a gindin hasumiyar Trajan a birnin Rum a shekara ta 113, sannan Edward Johnston na Ingila ya farfaɗo da koyar da rubutu da alƙalami mai faɗin baki a littafinsa na 1906. Ba na raina wannan gado ko kaɗan, domin a cikinsa ɗalibi ke gano abu mafi wuya a sana'ar: rula tana ƙarya, ido ne alƙali. A ce ya rubuta MINNA. In ya auna tazara daidai wa daida tsakanin haruffan, zai ga I da N da N sun cunkushe kamar fasinjojin bayan mota, A kuwa ta ware gefe guda, saboda kafaɗunta a karkace suke, sun bar fili a sama. A ce ya rubuta BOSSO, sai matsalar ta juya: haruffa masu ƙugu suna son a matso da su, kuma dole O ta ɗan haura layi sama da ƙasa, in ba haka ba sai ta zama kamar ƙanwar B. Wanda bai ɓata kwali ashirin a kan wannan ba, ko an ba shi kwamfuta mafi tsada, ba zai ga inda rubutunsa ke ɗingishi ba.

Na biyu yana bakin titi, shi ne wanda ake kira atis. Yaronsa yana farawa da wanke burushi da kananzir da goge kwano, ya daɗe kafin oga ya bari ya cike harafi ɗaya da fenti. Layinsu zare ne da aka turmuza a bula, a ja shi a sake, ya bar sawu a bango. Lambar gida da ta mota kuwa, sau da yawa da tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti ake yanka sitensil ɗinsu. Abin da wannan malami ya sani, wanda aji bai cika koyarwa ba, shi ne nisa da gudu: yadda harafi zai karantu daga tsallaken titi, ko a bayan gingimarin da ta kama hanyar Bida cikin ƙura. Shi ya sa yake kaurara jiki, ya sa inuwa a gefe guda, ya ɗora ruwan ɗorawa a kan baƙi. Yana da nasa aibin. Ado kan yi masa yawa, kuma kowa ya san allon da aka fara da manyan haruffa aka ƙare da 'yan mitsi-mitsi don fili ya ƙare. Amma burushinsa ba ya rawa, domin fenti ba ya goguwa.

Na uku shi ne wanda ba a ɗauke shi malamin zane ba sam, alhali ya girmi sauran biyun a ƙasar nan nesa ba kusa ba: alaramma. Almajiri ne ke fiƙe alƙalaminsa da kansa, ya san tawadarsa daga gawayi ko zuge da ƙaro take, ya fara da babbaƙu kafin farfaru. Ku lura da sunayen da tsangaya ta raɗa wa haruffa: ba guje, lam jaye, ha ƙarami. Waɗannan sunaye siffa suke bayyanawa, wato inda harafi ke miƙewa, inda yake jan jela, da girmansa. Ke nan akwai harshen nazarin harafi a Hausa tun kafin a buɗe ajin zane ko ɗaya. Rubutun kansa na ruwayar Warshu ne, ɗigon fa a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, jikin harafi baƙi mai kauri, wasali da jar tawada. Marubuta irin su Sharif Bala Gabari na Kano sun rubuta Alƙur'ani da hannu aka ɗauki hoton shafukan aka buga, jama'a suka saya saboda hannun da suka saba da shi ne. Sai zayyana, wadda ake ƙawata allon sauka da ita: da'ira da murabba'i da saƙa, ja da kore da rawaya. Wannan ilimin tsara shafi ne cikakke. Abin da ke ba ni takaici shi ne, da yawa daga cikin ɗaliban zane sun riƙe wannan alƙalami tun suna 'yan shekara shida, amma ranar da suka shiga aji sai su ajiye shi a ƙofa tare da takalmansu, ba wanda ya ce musu ai ɗan'uwan alƙalamin Johnston ne. Har wata cibiya ta ƙetare, SIL, ta fitar da haruffan kwamfuta bisa salon rubutun Kano a 2017, ta sa musu suna Alkalami.

Inda rabuwar malaman nan uku ta fi fitowa fili shi ne a ƙugiya. Da farko ba da ƙugiya ake bambanta sautukan ɓ da ɗ da ƙ daga b da d da k ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1930, zamanin Rupert East a Zariya, aka koma ɓ da ɗ da ƙ, a daidai lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Yau sama da shekara tamanin ke nan, amma duba allunan gari. Ko dai a jefar da ƙugiyar, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, ko kuma mai CorelDRAW ya danna harafin, kwamfuta ta rasa shi a salon da ya zaɓa, ta aro daga wani salo, sai ka ga ƙ siririya a tsakiyar ƙattan haruffa kamar baƙuwa a gidan biki. Samfurin da ake kwafa a aji kuwa baƙaƙe 26 ne na Ingilishi, babu ƙugiya a ciki balle a koyi zana ta.

Alhali nan ne aikin mai zane na gaske yake. Rubuta kalmar ɗinki da burushi ka gani: ƙugiyar ɗ tana lanƙwasa dama, ta faɗa kan ɗigon i. Za ka gajarta ta ne, ko ka ɗaga ta, ko ka buɗe tazara? In ka gajarta da yawa, daga nesa d ce. A ɗaɗɗaya kuma ƙugiya uku ne, biyu a manne. Manyan Ɓ da Ɗ ƙugiyarsu a hagu take, ta Ƙ a hannun dama na sama, kowace da nata nauyin da take ƙara wa kalma. Babu littafin Rum ko na Landan da zai warware wannan, domin ba matsalarsu ba ce. Hannun da ya saba jan jelar lam da nun a kan allo, shi nake zaton zai fi sanin yadda ƙugiya za ta fita daga jikin harafi kamar da ita aka haife shi. Ba ina nufin a kwashi ayoyi a kai allon shago ba, Allah ya kiyaye. Gwanintar hannun nake nufi.

An taɓa yin irin wannan haɗi a kusa da mu. Ɗaliban zane na Zariya da suka kafa ƙungiyarsu a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun ƙi yarda a ce abin gida ba darasi ba ne. Okeke ya ɗauko layin uli na Ibo ya gina zanensa a kai. A Suleja, lokacin ana kiranta Abuja, Ladi Kwali ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a 1954, ta ɗora zanen Gwari na ƙadangare da kunama a kan tukwanen zamani, ga ta nan yau a bayan takardar naira 20.

Na san abin da ɗalibi zai ce: malam, bana ce ke kawo kuɗi, mai shago yau yake so, ba jibi ba. Gaskiyarsa ne, kuma ba na roƙon kowa ya bar kwamfuta. Ai ita ma harafin da ke cikinta wani ne ya fara zana shi a takarda. Roƙona ƙarami ne. A zangon da ake koyar da manyan baƙaƙe, a ƙara masu ƙugiya guda uku a kan allo. A tura yaro ya yi mako biyu yana wanke burushi a wajen atis na Tunga ko Kpakungu. A gayyato alaramma ɗaya daga Limawa ya fiƙe alƙalami a gaban aji, a bar ɗalibai su kalli yadda wuyan hannunsa ke juyawa. Daga nan a ba kowa kwano da fenti, a ce ya rubuta ɗinki, a jingina shi a bango, a tsallaka titi a karanta.