Tarihin Lugu a bakin wa? Nazari kan silimar Sarraounia

A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta faɗa wa Lugu, ƙauyen Azna da ke ƙasar Arewa, yankin Dogon Dutsi. Abdoulaye Mamani ya mai da wannan labari littafi da Faransanci a 1980, kana Med Hondo ya mai da littafin silima a 1986. Silimar ta ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987.

Dole a yaba wa Hondo kan yadda ya sarrafa amo. Ƙarar bindiga, da kiɗa, da muryar maroƙa, su ne ke ɗauke da labarin, har mai kallo ya san tsoron Sarauniya Mangu da ya shiga zukatan sojojin Voulet. Wannan ya dace da al'adar ƙasar, inda tarihi abin saurare ne.

Sai dai akwai babban giɓi. A Burkina Faso aka ɗauki silimar, kuma Julanci da Fillanci da Faransanci ne suka mamaye maganganunta. Mutanen Lugu kuwa Hausa suke yi. Kirari ba ya jure fassara, domin ƙarfinsa na cikin karin sauti da tsawon wasali da salon numfashin mai yinsa. Saboda haka silimar ta ɗaukaka sunan ƙauyen, amma muryar da ake ji a cikinta ba tasa ba ce. Bugu da ƙari, Sarauniya a Lugu sarauta ce ta addinin gargajiya da mata suka riƙa gāda, alhali silimar ta taƙaita ta ga jaruma guda mai kwari da baka.

Darasin ya shafi masu bincike da ma'aikatan yaƙi da jahilci. Tun 1968 aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai, wadda daga baya ta zama CELHTO. Amma ɗaukar murya rabin aiki ne. In mai rubutawa ya ji tsoho ya ce "shina hwaɗi" ya rubuta "yana faɗi", to ya shafe shaidar inda maganar ta fito. Rubutun yau da kullum kuma ba ya nuna karin sauti.

Abin da ya kamata shi ne kowane matani ya tafi tare da muryar da aka ɗauko, a rubuta shi da karin harshen mai magana, a kuma mayar wa ƙauyen da kwafinsa don azuzuwan karatun manya.