Markus Daga Bango Zuwa Bango

A unguwar Sabon Gari ta Agadas akwai wani dattijo, tsohon mushen lakwal, mutumin wajen Maradi da aiki ya kawo shi arewa har ya yi ritaya bai koma ba. Duk Asabar da la'asar mutum bakwai ko takwas kan hallara a tsakar gidansa, a shimfiɗa tabarma, a ɗora shayi bisa gawayi. Kiristoci ne, kuma a garin nan 'yan kaɗan ne. Ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba, na Agadas kuwa galibinsu aiki ko kasuwa ce ta kawo su daga kudu. Abin da ya ja ni gidan shi ne jin da na yi cewa za su shafe wata huɗu kan Bisharar Markus, littafin da surorinsa 16 ne kacal. Na ce a raina, me ke cikin Markus har na wata huɗu?

Ranar farko bai yi wa'azi ba, bai fassara komai ba. Ya sa aka karanta littafin da babbar murya daga farko har ƙarshe, wannan ya gaji ya miƙa wa wancan, ya kuma hana tambaya. Abin ya ci kusan awa biyu, shayi ya zagaya sau uku. Da muka kai wajen misalin mai shuka na kasa haƙuri.

"Baba, da kun bari mun ɗan tsaya a nan, ai wurin da daɗi."

Bai ko ɗaga kai ba. "Ɗana, wanda ya shigo a tsakiyar tatsuniya shi ke tambaya wace ce Ƙoƙi. Ci gaba."

Na ji kunya, don ya taɓa ni inda yake mini ƙaiƙayi. Shekara da shekaru karatuna tsintar aya ne: ɗaya da safe, ɗaya idan raina ya ɓaci, wata kuma wadda fasto ya zaɓa ran Lahadi. Na san ayoyin Markus da dama da ka, amma da an tambaye ni ina littafin ya dosa, da na yi shiru. Abin mamaki, maƙwabtanmu Musulmi ba sa karatu haka. Ɗalibin zaure da ya ɗauki Ishmawi ko Risala ba ya tsallake, bango zuwa bango yake bi a gaban malami, kuma ba a cewa yaro ya sauke sai ya ratsa Alƙur'ani duka. Dattijon nan ya tashi kusa da tsangaya, ya ce a nan ya fara ganin yadda ake girmama littafi.

Mako na biyu ya raba mana takardun da ya buga a kwamfuta aka yi musu hoto a kasuwa. Markus ne dai, amma babu lambar sura, babu ta aya, babu kanun nan da masu buga littafi kan sa a saman kowane sashe. Ya bar fili mai faɗi a gefe. Dalilinsa mai ƙarfi ne. An rubuta Markus da Girkanci a ƙarni na farko, surorin da muke gani kuwa aikin Stephen Langton ne, malami a Paris wanda daga baya ya zama babban bishop na Canterbury a Ingila, a farkon ƙarni na 13. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari sai 1551 Robert Estienne, mai maɗaba'a, ya fito da su. Fiye da shekara dubu ke nan ana karanta littafin babu waɗannan shingaye. Suna da amfani wajen neman wuri, amma wani lokacin sukan raba magana gida biyu. Dabarar cire su don nazari ta yaɗu ne daga Amurka, inda Paul Byer ya fara ta da ɗaliban jami'a a shekarun 1950.

Sai aikin biro. Ja na sunayen wurare, shuɗi na kalmar da ta yi ta dawowa, fensir na tambayoyi. Nan da nan kowa ya lura da wata kalma, wadda ita ma ma'anarta "nan da nan" ce: a Girkanci ta zo sama da sau 40, fiye da goma daga ciki a sura ta farko kaɗai. Littafi ne mai gudu. Wani soja da ke cikinmu, wanda ya yi makarantar allo kafin ya shiga lakwal, ya yi dariya ya ce ai wannan harji ne, irin ƙidayar da alarammomi ke yi ta sau nawa kalma ta zo. Daga nan dattijon ya sa muka auna tsawon sassa. Mai gudun nan da ya kwashe dukan aikin Yesu a Galili da tafiyarsa kudu cikin sura goma, da ya iso Urushalima sai ya rage tafiya, ya ba 'yan kwanakin ƙarshe sura shida cur. Inda marubuci ya daɗe, in ji shi, nan zuciyarsa take.

Wurin da na sara wa hanyar nan shi ne tsakiyar littafin. A sura ta 8 akwai labarin makahon Betsaida, wanda Markus kaɗai ya kawo shi. Yesu ya taɓa idanunsa, ya fara gani amma dishi-dishi, mutane kamar itatuwa, sai da aka sake taɓa shi ya gani sarai. Tun ina yaro labarin nan yake damuna. Don me sau biyu? Na taɓa jin mai wa'azi ya ce bangaskiyar makahon ce ba ta cika ba, alhali nassin bai faɗi haka ba. Dattijon bai amsa ba, sai ya ce mu shimfiɗa takardun sura ta 8 zuwa ta 10 a jere bisa tabarma, muka danne su da kofunan shayi saboda iska. Ya ce a duba abin da ke gaba da labarin da abin da ke bayansa.

Gab da shi, cikin jirgin ruwa, Yesu ya tsawata wa almajiransa cewa suna da ido amma ba sa gani. Bayansa kai tsaye, a Kaisariya Filibi, Bitrus ya shaida cewa Yesu ne Almasihu, amma da Yesu ya ambaci wahala da mutuwar da ke jiransa, Bitrus ɗin nan ya ja shi gefe yana kwaɓarsa. Ya gani, dishi-dishi. Wata malamar asibiti ce ta hango sauran. Sau uku Yesu ya faɗi mutuwarsa, a sura ta 8 da ta 9 da ta 10, kuma kowane karo almajiran sai su yi ɓaram-ɓarama: na farko Bitrus, na biyu gardamar wane ne babba a cikinsu, na uku Yakubu da Yahaya 'ya'yan Zabadi suna neman kujerun dama da hagu. Da me sashen ya rufe? Da wani makahon, Bartimawas na Yariko, wanda ya warke a take ya bi Yesu kan hanya. Makaho a ƙofar shiga, makaho a ƙofar fita, a tsakani masu ido suna lalube. Aka yi tsit, har mai shayi ya manta da butarsa.

Bayan wannan sai idonmu ya buɗe ga wata ɗabi'ar Markus, ta cusa labari cikin labari: 'yar Yayirus mai shekara 12 da matar da ta yi shekara 12 tana zubar jini, ko itacen ɓauren da aka raba labarinsa biyu aka sa korar 'yan kasuwa daga Haikali a tsakiya.

Masu koyar da wannan hanya, irin su Robert Traina da littafinsa na 1952, sukan ce a fara da lura, sannan fassara, sannan aiki da abin da aka koya. Dattijonmu bai taɓa jero su haka ba. Tambayarsa guda ce, duk wanda ya kawo ra'ayi sai ya ce, "A ina ka gani?" Ko fasto ne sai ya sa yatsa bisa takarda. A garin da ba ka da kantin da za ka shiga ka sayi sharhin Littafi Mai Tsarki, wannan ba ƙaramin arziki ba ne. Littafin da kansa yana hannunmu da Hausa tun 1932, aikin su Dokta Miller na Zariya, kuma abin da ake bukata bayansa biro ne da kunne.

Ba na cewa hanyar ba ta da tarko. Wanda ya ɗanɗani gano tsari sai ya fara ganinsa ko'ina, har wani saurayi ya so ya ɗora wa kowane kwando 12 da kwando 7 na ragowar gurasar da Yesu ya ciyar da jama'a wa'azi guda. Kuma abin da ya yi wa Markus ba lallai ya yi wa Karin Magana ba, wadda galibinta zantuka ne a jere. Wasiƙun Bulus kuwa sai ka bi sawun hujja, ka tsaya kan kowane "saboda haka".

A Asabar ta ƙarshe dattijon ya gaya mana cewa tsofaffin kwafe biyu na Markus na ƙarni na huɗu sun tsaya ne a aya ta 8 ta sura ta 16, inda matan da suka je kabarin Yesu suka fito a guje, tsoro ya kama su. Malamar asibiti ta ce wanda ya tsara makafin nan biyu da gangan zai tsaya a nan. Soja ya ce atabau shafin ƙarshe ne ya ɓata. Suna cikin wannan aka kira magariba, dattijon ya tattara takardunsa da suka sha ɗigon shayi, ya ce mako mai zuwa kowa ya zo ya karanta Filibiyawa sau biyar.